Yadda Ake Taƙaita Lamba da Gano Iyakokin Kuskure a Awo

Idan aka ɗora rula a kan fensir aka ce tsawonsa santimita 14.6 ne, abin da aka sani tabbas shi ne ƙarshen fensirin ya fi kusa da zanen 14.6 a kan zanen 14.5 ko na 14.7. Rular ba ta da ikon faɗin abin da ya wuce haka, domin ƙaramin zanenta milimita ɗaya ne. Fensirin yana iya zama 14.57, yana iya zama 14.63, duk dai 14.6 za a rubuta. Wannan shi ne tushen darasin gaba ɗaya: duk lambar da aka samu ta hanyar awo, ko aka taƙaita ta, tana wakiltar wani zango ne mai farko da ƙarshe. Ɗalibin da ya riƙe wannan zai ga tambayoyin WAEC da NECO da JAMB a kan taƙaita lamba da kuskure cikin ɗari sun zo masa da sauƙi. Wanda kuwa ya haddace "biyar zuwa sama a ƙara ɗaya" kawai, da an ɗan juya tambaya sai ya ruɗe.

Wanda ya yi karatu a Nijar ko Chadi ya lura: a tsarin Faransanci waƙafi ake sawa a inda muke sa ɗigo, wato 14,6 maimakon 14.6. Lissafin ɗaya ne. A nan ɗigo za mu yi amfani da shi.

Mataki na farko: taƙaita lamba

Kafin ka taɓa komai, nemo gurbin da aka ce ka tsaya, ka ja layi a ƙarƙashin alƙalamin da ke wurin. Daga nan ka dubi alƙalami guda ɗaya tak, wanda ke binsa ta dama. In ya kai 5 ko ya wuce, ka ƙara ɗaya a kan wanda ka ja wa layi. In bai kai 5 ba, ka bar shi yadda yake. Abin da ya rage a dama, in kafin ɗigo ne ka mayar da shi sifili, in bayan ɗigo ne ka zubar.

Mu gwada da adadin mutanen Najeriya a ƙidayar 2006, wato 140,431,790. Zuwa dubu mafi kusa: alƙalamin da ke gurbin dubu shi ne 1, na bayansa 7, saboda haka 1 ya koma 2, mun samu 140,432,000. Zuwa dubu ɗari mafi kusa: 4 ne a gurbin, na bayansa 3, ba a ƙara komai, mun samu 140,400,000. Zuwa miliyan mafi kusa kuwa 140,000,000, wanda shi ne "miliyan 140" da ake ji a bakin mutane.

Haka abin yake a bayan ɗigo. Idan aka ce a mayar da 7.3482 zuwa gurbi biyu bayan ɗigo, wanda takardar jarrabawa ke rubutawa 2 d.p., sai ka ja layi a kan 4, ka ga 8 na binsa, amsa ta zama 7.35.

Wurare biyu ne ɗalibai suka fi zamewa. Na farko lamba irin 2.996 zuwa gurbi biyu. Ƙara ɗaya a kan 9 yana tura ɗaya gaba, ya sake tura wani, har a kai 3.00. Kada ka goge sifilan nan biyu ka rubuta 3 kawai. Su ne ke shaida cewa an auna abin har zuwa gurbi na biyu, kuma nan gaba kaɗan za ka ga irin tazarar da ke tsakanin 3 da 3.00. Na biyu shi ne taƙaitawa hawa-hawa. An ba ka 2.447 an ce gurbi ɗaya. Sai ɗalibi ya fara daga ƙarshe, ya mayar da ita 2.45, sannan 2.5. Kuskure ne. Alƙalamin da ke bin 4 na farko shi ne 4, don haka amsa 2.4 ce. Ka duba da kanka: daga 2.447 zuwa 2.4 akwai 0.047, zuwa 2.5 kuwa 0.053. Sau ɗaya ake taƙaitawa, kuma daga asalin lambar.

Mataki na biyu: muhimman alƙaluma

Wannan shi ake rubutawa s.f. a jarrabawa. Ana fara ƙirga ne daga alƙalami na farko ta hagu wanda ba sifili ba. A 0.004072, sifilan farko riƙe gurbi kawai suke yi, ƙirga daga 4 take farawa. Muhimman alƙaluma biyu: 4 da 0, na bayansu 7, amsa 0.0041. Uku: 4, 0, 7, na bayansu 2, amsa 0.00407. Sifilin da ya faɗo a tsakiya ana ƙirga shi kamar kowane alƙalami.

A manyan lambobi, ka kiyaye girman lambar. Mayar da 47,268 zuwa muhimman alƙaluma biyu yana ba da 47,000. Ɗalibin da ya rubuta 47 ya mayar da dubu arba'in da bakwai ta koma arba'in da bakwai, kuma ana ganin wannan a takardun amsa fiye da yadda ake zato.

Mataki na uku: komawa baya, daga amsa zuwa zango

A nan ne ya kamata a zauna sosai, domin nan ne ainihin fahimtar take. Zuwa yanzu ana ba ka lamba ka taƙaita. Yanzu za a ba ka wadda aka riga aka taƙaita, a tambaye ka: asalinta daga ina zuwa ina take iya kasancewa?

Tambayar farko da za ka yi wa kanka ita ce: zuwa me aka taƙaita ta? Zuwa kilo ɗaya ne, ko goma, ko 0.1? Wannan shi ne ma'aunin. Ka raba shi biyu. Ka ɗebe rabin daga lambar, ka samu iyakar ƙasa. Ka ƙara rabin a kanta, ka samu iyakar sama.

Fensirinmu na 14.6, ma'auninsa 0.1 ne, rabinsa 0.05. Iyakar ƙasa 14.55, iyakar sama 14.65. Idan muka kira ainihin tsawon x, sai a rubuta:

14.55 ≤ x < 14.65

Dubi alamomin da kyau, ba iri ɗaya ba ne. Ta hagu akwai ɗan layi a ƙasa, ma'ana x na iya zama 14.55 daidai, tunda 14.55 in aka taƙaita ta 14.6 take komawa. Ta dama babu layin, domin 14.65 ita kanta ta tsallaka, 14.7 take komawa.

Kusan kowane aji akwai mai ɗaga hannu ya ce: "Malam, tunda 14.65 ba ta ciki, me ya sa ba za mu ce iyakar sama 14.64 ba ce?" Tambaya ce mai kyau, kuma ta cancanci amsa a tsanake. To 14.645 fa? Ta fi 14.64, kuma 14.6 take komawa. Haka 14.649, haka 14.6499, haka za ka yi ta jera tara har takarda ta ƙare ba ka kai lamba ta ƙarshe ba. Duk wadda ka zaɓa, akwai wata a gabanta da ba ta kai 14.65 ba. Shi ya sa ake ɗaukar 14.65 ɗin a matsayin shinge, a sa alamar da ke nuna ana kusantarsa amma ba a taka shi.

Yanzu dubi yadda lamba ɗaya ke ba da zango daban-daban gwargwadon ma'auni. Buhu ne aka ce nauyinsa kilo 60:

zuwa kilo ɗaya mafi kusa: 59.5 ≤ n < 60.5
zuwa kilo biyar mafi kusa: 57.5 ≤ n < 62.5
zuwa kilo goma mafi kusa: 55 ≤ n < 65

Mai sayen hatsi da aka ce masa "kilo 60" bai san abin da ya saya ba sai ya san irin sikelin da aka ɗora buhun a kai. Ga kuma alƙawarin da na yi game da 3 da 3.00. Idan aka rubuta 3 zuwa cikakkiyar lamba mafi kusa, zangon daga 2.5 ne zuwa 3.5. Idan aka rubuta 3.00, daga 2.995 ne zuwa 3.005. Faɗin na farko ya ninka na biyu sau ɗari.

Idan da muhimman alƙaluma aka taƙaita, sai ka fara gano gurbin alƙalami na ƙarshe da aka ƙirga. A 4,700 zuwa muhimman alƙaluma biyu, 7 yana gurbin ɗari, rabin ɗari hamsin, zangon 4,650 ≤ x < 4,750. In uku aka ce, an kai gurbin goma ke nan, zangon ya tsuke zuwa 4,695 ≤ x < 4,705. Akwai wata mai ban sha'awa ga masu son zurfafawa: 100 zuwa muhimmin alƙalami ɗaya. Ta sama, har 149 ma 100 take komawa. Ta ƙasa kuwa 94 tana komawa 90, sai daga 95 ake samun 100. Zangon ya zama 95 ≤ x < 150, ɓangarorin biyu ba su yi daidai ba.

Abin da ake ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya, irin mutane ko kujeru ko awaki, hukuncinsa daban. In aka ce ɗaliban makaranta 350 ne zuwa goma mafi kusa, mafi ƙaranci 345, mafi yawa 354. Babu rabin ɗalibi, saboda haka a nan akwai lamba ta ƙarshe, kuma ita za ka rubuta.

Idan datse lambar aka yi

Wani lokaci ba a duba na baya ko kaɗan, yanke shi kawai ake yi a yar. Shekarun haihuwa haka ake faɗinsu. Yarinyar da ta cika 15 da wata goma sha ɗaya har yanzu shekararta 15, don haka zangon 15 ≤ s < 16 ne. Lambar da aka datse ta koma 6.8, asalinta 6.8 ≤ x < 6.9. Ba a raba ma'auni biyu a nan. Lambar da aka ba ka ita ce iyakar ƙasa, ka ƙara cikakken ma'auni ka samu ta sama.

Datsewa kullum ƙasa take ja, kuma in aka yi ta maimaitawa ɓarnar taruwa take yi. A watan Janairun 1982 kasuwar hannun jari ta birnin Bankuba a Kanada ta ƙaddamar da ma'auninta na hawa da saukar farashin hannun jari a kan 1000. Kwamfutar da ke sabunta shi sau dubbai a rana tana datse amsa a gurbi na uku bayan ɗigo maimakon ta taƙaita zuwa mafi kusa. Zuwa Nuwamban 1983 ma'aunin ya sauko 524.811. Da aka sake lissafin yadda ya kamata sai aka samu 1098.892. Fiye da rabin ƙimar ya zube ta ɗan abin da ake yarwa a gurbi na huɗu.

Akwai kuma inda sama ake turawa kullum. A tseren gudu, lokacin da na'ura ta ɗauka ana cike shi ne zuwa kashi ɗaya cikin ɗari na sakan da ke gaba. Sakan 9.58 da Usain Bolt ya kafa tarihi da shi a mita 100 a birnin Balin na Jamus a 2009, zangonsa 9.57 < t ≤ 9.58 ne, alamomin sun sauya wuri. Rayuwar yau da kullum ma tana da nata hukuncin: ɗalibai 130, mota mai cin mutum 18, rabawa ta ba da 7.2 da 'yan kai, amma mota takwas za a ɗauko, in ba haka ba mutum huɗu a ƙasa za a bar su.

Mataki na huɗu: lissafi da iyakoki

A ce an auna fili, tsawo mita 30, faɗi mita 15, kowanne zuwa mita mafi kusa. Kafin komai rubuta iyakokin kowanne: tsawo daga 29.5 zuwa 30.5, faɗi daga 14.5 zuwa 15.5. Tarawa da ninkawa ba su da wahala, ƙanana da ƙanana ake haɗawa, manya da manya.

Kewayen filin: mafi ƙaranci 2 × (29.5 + 14.5) = 88, iyakar sama 2 × (30.5 + 15.5) = 92.
Girmansa: mafi ƙaranci 29.5 × 14.5 = 427.75, iyakar sama 30.5 × 15.5 = 472.75.

A takarda murabba'in mita 450 za a rubuta, amma tsakanin iyakokin biyu akwai murabba'in mita 45, wanda ya isa a fitar da ɗakuna. Fulotin da aka saba yankawa na ƙafa 50 da ƙafa 100, in aka mayar da shi mita, 15.24 ne da 30.48, girmansa kusan 464.5. Shi ma "15 da 30" za a kira shi in aka taƙaita. Rabin mita ba ya cika ido a kan tef, amma da an ninka sai ya yi girma, kuma irin wannan ne ke kai maƙwabta gaban mai unguwa a kan iyakar fili.

Ɗebewa da rabawa su ne masu tarko. Kada ka haddace ƙa'ida, ka yi tunani: yaya za a yi saura ya fi yawa? Sai abin da ake da shi ya kasance babba, abin da aka cire ya kasance ƙarami. Rodi ne mai tsawon mita 12.0, aka yanke 4.6, duka zuwa gurbi ɗaya bayan ɗigo. Iyakar sama ta abin da ya rage 12.05 − 4.55 = 7.50. Iyakar ƙasa 11.95 − 4.65 = 7.30. Ɗalibin da ya ɗebe babba daga babba zai samu 7.40, ya ɗebe ƙarami daga ƙarami ya sake samun 7.40, kamar babu kuskure sam. In ka ga iyakokinka biyu sun fito iri ɗaya, ka koma ka duba. Ka kuma lura cewa kowane awo kuskurensa 0.05 ne, amma na amsar ya zama 0.1. Ko a ɗebewa, kurakurai haɗuwa suke yi.

Rabawa ma haka. Mota ta yi tafiyar kilomita 230, zuwa goma mafi kusa, a cikin awa 3.5, zuwa gurbi ɗaya. Gudu mafi yawa shi ne nisa mafi tsawo a lokaci mafi gajarta: 235 ÷ 3.45, kusan 68.1. Mafi ƙaranci 225 ÷ 3.55, kusan 63.4. Idan ka danna 230 ÷ 3.5 a kwakuleta za ta zubo maka 65.71428571. Kwafe wannan duka a matsayin amsa da'awar sanin abin da ba a sani ba ne, tunda ko alƙalamin farko na bayan 6 ba mu da tabbas a kansa.

To amsa har gurbi nawa ya dace a bayar? Ka fitar da iyakokin biyu, ka ga inda suka yi ittifaƙi. Yaro ya yi gudun mita 85.0 a sakan 12.5. Iyakar sama 85.05 ÷ 12.45 = 6.831, ta ƙasa 84.95 ÷ 12.55 = 6.769. A gurbi biyu sun saɓa, 6.83 da 6.77. A gurbi ɗaya duka 6.8 ne. Amsar da za ka iya tsayawa a kanta ita ce mita 6.8 a sakan.

Wata doka da ta ratsa duk wannan: kada ka taƙaita a tsakiyar aiki. Biyu bisa uku na 600 shi ne 400. Wanda ya fara mayar da biyu bisa uku 0.7 zai samu 420, mai 0.67 ya samu 402. Bar lambobin a cikin kwakuleta yadda suke, sai a layin ƙarshe ka taƙaita.

Mataki na biyar: kuskure cikin ɗari

Wannan yana yawan fitowa a jarrabawar kammala sakandare. Ka nemo bambancin da ke tsakanin abin da aka auna da ainihin ƙimar, ka raba da ainihin ƙimar, ka ninka da 100. Sanda tsawonta mita 1.25, ɗalibi ya auna ya samu 1.20. Kuskuren 0.05 ne, 0.05 ÷ 1.25 × 100 ya ba da kashi 4 cikin ɗari. Da ainihin ƙimar ake rabawa. Mai rabawa da 1.20 zai samu 4.17, kuma sau da yawa irin wannan amsar tana zaune cikin zaɓin da aka jera, tana jiran mai gaggawa.

Idan ba a ba ka ainihin ƙima ba, an dai ce an auna zuwa wani ma'auni, sai ka ɗauki rabin ma'aunin a matsayin kuskure mafi girma, ka raba da abin da aka auna. Fensirinmu: 0.05 ÷ 14.6 × 100, kusan kashi 0.34. Rula ɗaya ɗin in ta auna abu mai santimita 2.0, kuskuren ya haura zuwa kashi 2.5. Ƙaramin abu ya fi shan wahalar kuskure, shi ya sa ba a auna kaurin takarda guda da rula. Sai a auna bandir mai takarda 500, a ce an samu santimita 5.2, wato daga 5.15 zuwa 5.25, a raba da 500. Kaurin takarda ɗaya ya faɗo tsakanin 0.0103 da 0.0105 na santimita, awon da rular ba za ta taɓa ba ka kai tsaye ba.

Ina roƙon malamai su sa yara su yi wannan da hannunsu. A raba ruloli, kowa ya auna faɗin littafi ɗaya, a jera amsoshin a allo. Za a ga wasu sun kauce fiye da rabin milimita, kuma dalilin a bayyane yake: wani ya fara daga bakin rula maimakon zanen sifili, wani ya kalli zanen a karkace, wata rular ta cinye a baki. Iyakokin da muka lissafa ba su ɗauke irin wannan ba, domin suna ɗauka ne cewa kayan awon lafiyayye ne kuma an karanta shi daidai. Sikelin da allurarsa ba ta kan sifili kafin a ɗora kaya, ko tef ɗin tela da ya miƙe saboda tsufa, gyaransu ake yi ko a canza su.

Gwada kanka

1. Mayar da 0.06049 zuwa muhimman alƙaluma biyu.
2. Nauyin jariri kilo 3.2 ne zuwa gurbi ɗaya bayan ɗigo. Rubuta zangonsa.
3. An datse wata lamba ta koma 12.37. Rubuta zangonta.
4. Jarka tana ɗauke da lita 25 zuwa lita mafi kusa, kofi kuma yana cin lita 0.4 zuwa gurbi ɗaya. Kofi nawa ne mafi ƙaranci da tabbas za a cika?

Amsar ta farko 0.060, da sifilinta na ƙarshe. Ta biyu 3.15 ≤ n < 3.25. Ta uku 12.37 ≤ x < 12.38. A ta huɗu ana neman ruwa mafi ƙaranci da kofi mafi girma: 24.5 ÷ 0.45, wanda ya ba da 54.4 da ɗoriya. Kofi na 55 ba lallai ya cika ba, don haka amsa 54 ce.